Farin Yadin da Ke Cikin Adakar Kaka

Watan jiya na je Paris wurin ɗiyata da ke La Courneuve, ta ja ni wani baje-koli wai in buɗe ido. Ido kuwa ya buɗu. Mata ne manya, wasu da furfura kamar tawa, sun jera tebura suna ɗinka wa 'yar tsana tufafi: riga mai maɓalli kamar ƙwayar gero, takalmin da ko ɗan yatsana ba zai shiga ba, har da jakar hannu. Ina tsaye ina salati a zuci, sai wata ta ɗauko farin yadi ta sa masa almakashi. Ƙarar nan na shiga kunnena, sai da aka nemo mini kujera.

Bari in gaya muku dalili.

A garinmu, can ƙasar Damagaram, in an yanke hatsi kara ya wadata, lokacinmu ne mu 'yan mata. Mu feƙe kara, mu yi masa kai da ƙullin tsumma, mu yi kitso da baƙin zare. Tufafi kuwa sai abin da muka tsinto ƙarƙashin keken tela. Shekarar da nake faɗi ban wuce takwas ba, salla ta matso, 'yar tsanar kowace ƙawata ta samu sabon kaya, tawa tana tsirara.

Uwar babana tana da adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. Ba wanda ke taɓa ta, ba kuma wanda ya taɓa gaya mini abin da ya sa. Ran nan da hantsi ta tafi barkar suna, na jawo na buɗe. Ƙamshin turare ya bugi hancina. A ciki farin yadi ne ninke, fari tas, mai laushi. Na ce a raina, wannan tsohuwa da rowa take. Na yanko daga gefe, ya fi kamu guda. Na fitar da riga, da zane, da kallabi, da ɗan mayafi, na zauna bayan rumbu ina ɗinki har la'asar.

Da murnata na kawo tsakar gida ina nunawa. Innata tana tankaɗe, ta dubi 'yar tsanar, ta shafa yadin, rariya ta faɗi daga hannunta.

"Innalillahi! Ke, ina kika samo wannan?"

Likkafanin Kaka ne. Marigayi mijinta ya kawo mata daga Makka, an tsoma shi a ruwan Zamzam, shekara da shekaru tana ajiyarsa don ranar tafiyarta. Wani irinsa ba ya samuwa a kasuwa.

Na jira duka, duka bai zo ba. Da Kaka ta dawo ta ji, sai ta ce a shimfiɗa tabarma. Ta kwanta a kai ta miƙe sambal, ta ce wa innata, "Lulluɓe ni mu gani." Aka ja yadin daga kanta zuwa ƙasa. Bai kai ba. Ƙafafunta biyu suna waje, da faso a dugadugansu. Ni kuwa ranar na fara sanin cewa Kaka za ta mutu, na fasa ihu.

Daga ƙarƙashin yadin ta ce, "Rufe mini baki, 'yar nema, da raina tukuna. Je ki tuɓe wa ɗiyarki kayan, ba nata ba ne."

Kwana huɗu ina zaune gabanta. Na warware duk abin da na ɗinka, ta zaro mini zare daga jikin yadin kansa, na riƙa haɗa guntayen ɗaya bayan ɗaya. In ɗinki ya karkace ta ce, "Sake. Da wannan zan je gaban Ubangijina." Wata gwaggona ta ce a sayo sabo mana, ba a kai mutum da faci. Kaka ta ce wanda mijinta ya ɗauko mata shi za ta sa, ko da faci ɗari ne. Damina uku bayan nan aka kai ta a cikinsa.

Yanzu ina unguwar Minguettes, a wani gari nesa da Paris, a bene hawa na tara, wurin ɗana. Da na yi masa zancen nawa likkafanin, cewa ya yi, "Inna, ki bar wannan magana, asurans, wato inshora, ta ɗauke komai." Wai a leda suke kawo shi, daga hannun wanda bai san sunanka ba. Ni kuwa da na je Hajji na sayo abina.

Ban ɓoye shi ba. Na kira jikata mai shekara tara, mai son allura kamar ni, na shimfiɗa shi a falo na gaya mata ko mene ne, uwarta tana ta yi mini ido wai zan firgita yarinya. Yarinyar ta daɗe tana shafa gefensa, sannan ta ce da Hausarta mai gargada, "Kaka, to wa zai ɗinka miki?"

Na ce ta je ta wanko hannunta, in fara nuna mata yadda ake zaro zaren.