Bakur, wanda na yi wa hassada

Ina shagona a unguwar Bab Makka bayan la'asar surukin Bakur ya shigo ya ce, "Ammu Idris, Bakur ya rasu." Na yi salati. Wani mai sayen yadi da ke tsaye ya yi salati shi ma, sai kuma ya yi murmushi, ya kwaikwayi muryar Bakur a tallar shayi. Allah ya gafarta min, a wannan lokacin ma sai da zuciyata ta ce: ni na rubuta wannan.

Ni da Bakur mun fara tallar ne a wani ɗaki a unguwar Bagdadiyya. Wani attajirin shayi yake ɗaukar muryarmu a faifai, ya aika wa wata tasha a ƙetaren teku mai karɓar talla. Ni nake tsara barkwancin, Bakur ya fito a tsohon alhaji mai ciniki da gurgun Larabci, ni kuma mai shago. Daga unguwar Ruwais har bakin tashar jiragen ruwa sunansa ake kira. Ni sai dai a ce "wancan na biyun".

Bai taɓa ɓoye ni ba. Yakan ce, "Ni baki ne kawai, kan yana wurin Idris." Wannan ma haushi yake ba ni, don ko ita maganar dariya ake yi mata.

Wata shekara na zagaye na sami attajirin, na ce zan iya ni kaɗai. Aka ɗauka, aka aika, tashar ta dawo da faifan. Mako na zagayowa Bakur ya zo ƙofata ya ce, "Yalla, mu tafi, an ƙagu da mu."

Da ciwo ya kwantar da shi na je in faɗa masa abin da na yi a bayan idonsa. Ya ɗaga hannu. "Halas, ya wuce, ya Idris, ai na saurari faifan tun a lokacin. Rubutun ya fi kowanne kyau. Muryar ce dai kamar ta mai kiran suna a ofishin iƙama, inda ake karɓar takardar izinin zama." Na yi dariya har da hawaye, kuma ina jin haushin ya sake yin nasara.

Allah ya jiƙan Bakur, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Hajiya Zainabu da 'ya'yansa haƙurin rashi. Ni kuma ya wanke min zuciya kafin in same shi. Amin.