Tsohon Birkila da Filin Ƙwallon da Aka Ƙi Ginawa

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Parkchester da ke Bronx a birnin New York, na yi aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wani abokina ɗan zangon Kumasi da muke haya tare ne ya shigar da ni. Ya ce min, “Aikin ba wuya, kai dai ka iya haƙuri, ka iya dafa shayi.” Haƙurin ina da daidai gwargwado. Shayin ne ashe ban iya ba, domin tsohon da aka tura ni wurinsa kurɓa ɗaya ya yi wa kofina na farko, ya tambaye ni ko ruwan wanke-wanke na ɗumama masa.

Mutumin Ireland ne, ya haura tamanin, yana zaune a can arewacin Bronx inda ’yan ƙasarsu suke da yawa. Tun yana saurayi ya zo New York, ya ƙare ƙarfinsa a aikin birkila. Katangar jan bulo da ta kewaye gidansa ma da hannunsa ya jera ta. Matarsa ta rasu, ’yarsa guda ɗaya tana aure a wata jiha. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi ta hagu, amma likitoci sun ce ƙafar za ta dawo in ya dage da motsa ta. Shi kuwa ya ƙi. Ƙarfen dogarawar da aka ba shi ya mayar wurin rataye tawul. Mai gashin ƙashi ta zo ta yi lallashi har ta gaji, shi yana kallon taga. Baba nake ce masa. Da farko ya ɗauka sunan wani ne na manta nake liƙa masa, da na yi masa bayani sai ya ɗaga kafaɗa ya ƙyale ni. Shi kuma “yaro” yake ce min, alhali na doshi arba’in, furfura har ta fara leƙowa a gemuna.

Ban fi sati uku ba ’yar tasa ta zo ganinsa, ta ja ni kicin ta gaya min gaskiya. Ta ce in sanyi ya wuce bai fara takawa ba, dole ta kai shi gidan tsofaffi, domin ba za a ci gaba da barinsa a gida mai matakala ba. Tana faɗa tana share ido. Na gane abin da ke gabanmu: shi zai rabu da gidan da ya gina, ni kuma in koma neman wani aikin.

Ni nake aikin Lahadi, saboda Juma’a nake hutu don in samu masallaci. Da safiyar Lahadin da ta biyo baya ina wanke kwanuka sai na ji ihu daga falo. Na fito a guje da kumfa a hannu, na ɗauka faɗuwa ya yi. Na same shi daram a kujerarsa, fuska ta yi jajir, yana nuna rediyon da ke magana a kwamfutar hannunsa da yatsa kamar zai tsone mata ido. Wasan ƙwallon gundumarsu ake yi a can Ireland, irin ƙwallonsu na gargajiya da suke kira Gelik.

Na ce, “Baba, an ci ku ne?”

Ya ce, “Cin ba shi ne damuwata ba, mun saba. Ka san inda ake wasan nan? Wasan gidanmu ne, amma a filin maƙwabtanmu ake yin sa. Wasan gida, a gidan wani!”

Mutumin da ba ya haɗa min kalma biyar a yini, ranar sai da shayinsa ya huce. Ya ce su a can kowa gundumar da aka haife shi yake buga wa, ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi, don haka filin gunduma kamar zauren gidan uba ne. Nasu tsohon filin ya yi ƙanƙanta, ya tsufa, an daina kai masa manyan wasanni. An yi musu alkawarin sabo tun matarsa tana da rai. Aka ce an samu wuri, daga baya aka ce fadama ce. Aka sake wani, aka shiga rigimar takardu. Aka kawo wani babban mutum ya riƙe shebur aka ɗauki hoto, kowa ya tafa, ciyawa ta ci gaba da tsirowa. Kwamiti ya haifi kwamiti.

Dariya ta so ta ƙwace min. Ni da nake zaton irin wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Na ce masa a unguwarmu akwai titin da na ga bikin ƙaddamar da shi ina ɗan firamare, na sake ganin wani bikin ina da aure. Ya dube ni da kyau, karo na farko, ya ce, “To ashe ka san abin da nake faɗa.”

Ganin ya saki jiki, sai na lallaɓa na turo masa ƙarfen dogarawar. Nan take fuskar ta rufe. Ya ce, “Ranar da suka aza bulon farko, ranar zan tashi.” Yadda ya faɗe ta, na san nufinsa har abada.

Ran Asabar da rana na kira mahaifiyata a Kano. Ita ta yi jinyar kakanmu shekara da shekaru, ta san halin tsofaffi. Na zayyana mata komai.

Ta ce, “Yana cin abinci?”

Na ce, “Kaɗan-kaɗan, Umma.”

“Yana faɗa?”

“Sosai ma, amma da rediyo.”

Ta yi dariya. “To ai da sauransa, ɗan nan. Wanda ya sallama wa duniya ba ya faɗa. Ku daina lallashinsa kamar jariri. Ka tsokane shi ta wajen abin da yake so.”

Na ce, “Umma, Bature ne fa. Korata za su yi.”

Ta ce, “Da ma ba korar ce ke tafe ba?”

Washegari aka nuna wasan a bidiyo. Na ja kujera na zauna kusa da shi, na yi bisimilla a zuciyata. Na ga ƙarti suna gudu da ƙwallo a hannu, suna dunguri da ita, suna harbawa sama da ƙarfen gola jama’a na tafi. Na gyara murya na ce, “Baba, ni fa yanzu na gane dalilin da ya sa aka ƙi gina muku fili. Wannan ai ba ƙwallo ba ce. Kowa gola ne, rafali yana tsaye yana kallo. Kuma mutum ya ɓarar da ƙwallo sama, a ce ya ci?”

Ya zuba min ido har sai da na fara lissafin hanyar tashar jirgin ƙasa, don na ɗauka korata zai yi. Sannan ya ce, a hankali, “Buɗe kabad ɗin can. A ƙasa, bayan takalma.”

Wata tsohuwar farar ƙwallo ce, ta ɗan sace. Ya sa na nemo famfon keke a ɗakin ajiya na hura ta. Ya ce in ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta sama tsakanin dogayen turakun nan maki ɗaya. Kuma ba a gudu da ita haka kawai: bayan taku huɗu dole ka sake ta a kan ƙafarka, ka ɗan taɓo ta ta dawo hannunka, kana cikin gudu. Ya ce, “Tunda wasan yara ne, yi mu gani.”

Ku sani ni fa na buga wa unguwarmu lamba takwas, har ana yi min kirari. Na saki ƙwallon da gadara, na sa mata ƙafa, ta taso ta daki haɓata, haƙorana suka haɗu da harshe. Na biyu ta shige ƙarƙashin tebur. Na uku ta kusa sauke hoton aurensa daga bango.

Baba ya riƙe kai. “Ba da tsinin ƙafa ba! Kana harbinta kamar ta ci maka amana. Miƙo min wancan abin.”

Na cire tawul ɗin na turo masa ƙarfen. Ya kama, ya ja, ya koma. Ya sake ja, na riƙe bel ɗinsa ta baya, jikinsa duk yana rawa, sai ga shi tsaye. Ya karɓi ƙwallon da hannun dama ya sake ta. Ko kusa da ƙafarsa ba ta bi ba, ta gangara abinta har bakin ƙofa. Na bi ta da kallo. Can ya ce, “Me kake kallo, yaro? Ɗauko ta mana.”

Daga ranar muka samu abin yi. Da aka fara ɗumi muka koma bayan gida. Mai gashin ƙashi ta ga abin da ke faruwa, ta ajiye takardunta ta shigar da ƙwallon cikin darasinta. Taku uku ya zama goma, goma ya zama zagayen tsakar gida. Bai daina zagin kwamitin filin ba ko na yini ɗaya, sai dai yanzu a tsaye yake yi.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Wata rana ya miƙa ƙafar hagu fiye da ƙarfinta, ya zame daga hannuna, gwiwar hannunsa ta daki katanga ta fashe. Ciwon bai yi zurfi ba, amma da ’yarsa ta iso ta ga bandeji, ni ta fuskanta. Ta ce, “An kawo ka ka kula da mahaifina ne, ko ka mayar da shi ɗan wasa?” Kuma tana da gaskiyarta. Sai Baba ya miƙe daga kujera, ya tako da ƙarfensa tun daga falo har inda muke tsaye. Ita ba ta taɓa ganin hakan ba. Ya ce, “Ƙyale shi. Ban taɓa koyar da daƙiƙi irinsa ba, kuma ba inda za ni sai ya iya.” Ta dube shi, ta dube ni, ta zauna a matakala ta rufe fuska da tafin hannu. Ba a sake tayar da maganar gidan tsofaffi ba.

Da zafi ya shigo na fara raka shi wani fili a nan Bronx inda mutanensu ke buga wasan duk Lahadi. Can na ga sauran tsofaffin gundumarsu, kowa da irin ciwon Baba. Wata Lahadi wani ɗan kwamitin ya zo daga Ireland neman goyon bayansu, ya kafa babban zanen filin a kan allo: rumfuna, fitilu, koren ciyawa. Yana cikin bayani Baba ya dafa kafaɗata ya tashi.

Ya ce, “Ɗana, ni birkila ne. Na ga zane iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya tare wa mutum ruwan sama ba. Yaushe za ku haƙa rami?”

Na zaci mutumin zai kare kansa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ma mahaifinsa ya rasu yana wannan tambayar, kuma ba zai yi masa ƙaryar rana ba. Ya ce, “Amma wurin namu ne yanzu, ba mai ƙwace shi. Ka zo ka gani da idonka.”

Baba ya ce, “Zan zo.” Kowa ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho.

Kafin sanyi ya dawo na raka shi da ’yarsa filin jirgin sama na JFK, za su tafi Ireland. Aka kawo masa keken tura marasa ƙarfi, ya ce a kai wa mai buƙata, sai da ’yar ta harare shi sannan ya hau. Bayan kwana huɗu ta turo min bidiyo. Fili ne fetal, ciyawa har gwiwa, allon sanarwa ya koɗe, iska tana kaɗa rigarsa. Sun kafa sanduna biyu. Tana riƙe da bel ɗinsa, ya saki ƙwallo a ƙafar dama ya harba. Ba ta yi wani nisa ba, amma ta bi ta tsakanin sandunan. Ina cikin jirgin ƙasa lamba shida na kalla, na yi kabbara da ƙarfi har matar da ke kusa da ni ta matsa.

Da ya dawo na ce, “Baba, an fara?”

Ya ce, “Ko ramin ɓera ba su haƙa ba, malalata.” Sai ya yi murmushi. “Amma na sa an tono min ƙasar wurin, na murza ta a hannuna. Ƙasa ce mai kyau, yaro. Za ta ɗauki gini.”

Na ƙara shekara biyu tare da shi kafin na bar aikin na kama sana’ar tuƙi. Rai ya yi halinsa daga baya, a gidansa, a kan gadonsa. Ginin filin kuwa bai gan shi ba.

Na daɗe ina tunanin wannan tsoho. Da can in na ga mutum yana ta mita a kan abin da aka yi masa alkawari aka ƙi cikawa, gani nake ɓata bakinsa yake yi. Yanzu na san mai mita bai cire rai ba. Kuma na koyi cewa jira kashi biyu ne: akwai wanda za ka zauna ka ce sai an yi sannan ka motsa, akwai wanda za ka ci gaba da takawa kana jiran. Yawancinmu a ƙasar nan wani abu muke jira, takarda ko iyali ko komawa gida, na kuma san yadda na farkon yake cinye mutum a zaune.

Ranar da zan bar aikin na je yi masa sallama, ya riƙe hannuna ya ba ni saƙo. Ya ce in an gama ginin filin in je in tsaya a kusurwar katanga, in rufe ido ɗaya, in duba masa jerin bulon. In ya miƙe, in zauna in kalli wasa. In ya karkace, in nemo shugaban kwamiti in gaya masa wanda ya aiko ni. Kwanakin baya ’yarsa ta rubuto min cewa motocin haƙa sun shiga wurin. Na gaya wa maiɗakina ta fara shiri, akwai aiken da za mu kai.