Waken Gayyar da Na Ɗora a Kan Madubi

Shekarar da na gama kwalejin horar da malamai, na dawo ƙauyenmu da ke gefen Mabai da takardar shaida, da akwati ɗaya, da kuma baki. Bakin ya fi komai nauyi. Kimiyya na karanta, kuma cikin duk abin da aka koya mana babu wanda ya zauna mini a kai kamar darasin makamashi: wai ƙarfin da ke cikin duniya iri-iri ne, akwai na haske, na zafi, na motsi, na sauti, na lantarki, da wanda ke kwance cikin abinci da itace yana jiran a tashe shi, kuma ba ya ɓacewa, sai dai ya tashi daga wannan ya koma wancan. Da wannan magana na hana mutanen gidanmu sakat. In Inna, mahaifiyata, tana daka, sai in tsaya a kanta in ce tuwon jiya ne ya koma motsi a hannunta, motsin kuma ya koma ƙara a turmi. Ta ce in dai tuwon jiya ne, ai ni na fi kowa ci, in karɓi taɓaryar.

Baba ne kaɗai ke saurarena. Ba wai yana ganewa ba ne. Masararsa ya riƙa sayarwa ina karatu, don haka duk abin da ya fito daga bakina kallon amfanin gona yake yi masa. A ƙofar masallaci in ana hira, sai ya gyara zama ya ce, "Malamin namu ya ce hwa," sannan ya maimaita maganata a karkace. Ina jin haushin karkatarwar, amma daɗin da nake ji ya fi haushin yawa.

Da bazara na je kasuwar Kankara na ga wani tsohon dish na kallon talabijin a wurin masu gwangwan. Na saye shi, na bi ta wurin mai yankan gilashi na roƙi ɓaraguzan madubi, na zo gida na kwana uku ina liƙa su a cikin dish ɗin da gam. Na yi wa tukunya mazauni da ƙarfen rodi daidai inda hasken rana ke taruwa. Ranar farko na dafa ƙwai biyu. Rana ta biyu na tafasa shayi a gaban mutane. Wani maƙwabcinmu ya ce tsibbu ne, ko kuma na ɓoye garwashi, ya cire hularsa ya riƙe a wurin don ya ƙaryata ni. Hular ta fara hayaƙi. Daga ranar ba ya gaishe ni da kyau, amma ƙauye ya yarda cewa ɗan gidan Alhaji, wato ni, yana girki da hasken rana.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, bazara ba ta zama har abada.

Damina ta sauka, masara ta kai gwiwa, ciyawa ta taso mata, Baba ya kira gayya. Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka gayya noma ce kawai. Gayya abinci ce. Mutane za su bar gonakinsu su zo su nome maka taka ba ko sisi, hakkinsu ɗaya ne a kanka: abinci ya iso gona kafin azahar, da zafinsa, ya kuma ishe su. Wanda ya kunyata gayya, baɗi in ya kira sai kowa ya tuna yana da ciwon baya. Baba kuwa ƙarfinsa ya fara ja baya, gonar nan ba za ta nomu da hannunsa ba.

Ana saura kwana biyu aka aiko daga Sheme cewa yayata ta haihu, Inna ta tafi. Baba ya ce zai roƙi matan maƙwabta su yi girkin. Ni kuma na ce ina amfanin karatuna in har sai an roƙi wani. Na zana masa lissafi a ƙasa da tsinke, faɗin dish, ƙarfin rana, yawan ruwa. Ya dubi zanen ya daɗe.

"Mutum sha ukku ne hwa," ya ce.

"Ko talatin ne, Baba. Rana ba ta ƙarewa."

Matar maƙwabcinmu, wadda muke kira Gwaggo, ta leƙo da yamma ta ce ko in bar mata waken gayyar ta ɗora da asuba. Na yi mata bayanin yadda hayaƙi ke ɓata ido da yadda itace ke ƙarewa a daji, har na ce mata nan da shekara kaɗan murhu zai zama tarihi. Ta ce, "To, Allah shi taimaka, Malam," ta ja mayafinta ta fita. Yadda ta faɗi Malam ɗin har yau ina jinsa.

Da magariba hadari ya haɗo. Na tsorata kada ruwa ya ɓamɓare mini madubai, na duba ban ga abin rufewa ba sai babbar ledar da Inna ke lulluɓe itacen girki da ita. Na yaye ta na rufe dish. Aka sheƙa ruwa.

Gari ya waye da lumshi. Ba ruwa, ba rana, sama ta yi fari fat kamar ƙullun koko. Mutane suka wuce gona da fartanyoyinsu, Baba ya bi su, ni kuma na wanke wake da shinkafa na zuba su tare cikin babbar tukunya, na ɗora, na zauna ina kallon sama. Wajen hantsi rana ta ɗan leƙo ta gefen rumbu. Na ɗora dish da tukunyar a kan baro na tura da gudu. Kafin in daidaita, ta koma. Ta sake leƙowa ta wajen turken awaki, na sake turawa. Haka na yi ta zagaye tsakar gida, awaki suna bina da ido. Duk makamashin motsin da aka samu a gidan nan ranar daga jikina ya fito, na zafi kuwa bai wuce wanda ke cikin kaina ba. Na tsoma yatsa a tukunya, ruwan ko ɗumin wankan jariri bai yi ba.

Sai da inuwa ta kusa daidaita na haƙura na koma wa murhun da na ce zai zama tarihi. Itacen ya sha ruwa sharkaf, ni na yaye masa leda da hannuna. Na zare kara daga dangar bayan gida, shi ma jiƙaƙƙe. Gidan Gwaggo taku goma ne, ina jin ƙamshin girkinta, amma girman kai ya riƙe mini ƙafa. Na shiga ɗaki na ɗauko littattafan da na yi rubutu a kwaleji na riƙa yagowa ina cusawa. Darasin makamashi ya ci wuta da kyau, wannan kam ba zan musa ba. Wuta ta kama da ƙyar, hayaƙi ya cika gida, ina hura ina hawaye. Ban san ana jefa wa wake kanwa ba, ban san ana fara dafa shi kafin a zuba shinkafa ba, babu wanda ya koya mana wannan. Shinkafa ta narke ta zama kunu, wake yana ciki yana iyo, lafiyarsa ƙalau.

An daɗe da yin azahar na isa gona da tukunya ɗaure a bayan keke. Na tarar da su zaune ƙarƙashin ɗorawa, an daina noma. Na zuba a faranti, na yaryaɗa mai da yaji da yawa ko za su rufa mini asiri. Aka yi bisimilla. Abin da ya biyo baya shi ne makamashin sauti: garas, garas, daga baki sha uku. Wani ya juya baya ya tofar. Wani dattijo, abokin wasan Baba, ya ciro ƙwayar wake daga bakinsa ya duba ta, ya ce, "Alhaji, wannan iri ne ka ba mu mu shuka, ko mi?"

Aka fara dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san an gama da ni, kuma an gama da gayyar Baba.

Baba bai dube ni ba. Ya cika hannu ya kai baki, ya tauna a hankali har ya haɗiye.

"Ni na ce mai kada shi bari shi yi laushi," ya ce. "Haka ni ke son wake, da sauran ƙarhi nai. Wanda ya luguiguice ba ya riƙe ciki. Ku yi haƙuri, son raina na bi."

Ya cinye, ya miƙo mini faranti na ƙara masa. Mai gona ya ɗauki laifi a kansa, kuma ga shi yana ci, sai kowa ya sunkuya ya ci abin da zai iya. Suka tashi suka ƙarasa noman. An ce da yamma an ji sauti iri-iri a tsakanin kunyoyin gona, kowa yana ɗora wa na kusa da shi laifi. Baba ya kwana biyu yana shan jiƙon kanwa. Da Inna ta dawo ta ji labari, ta dube shi ta dube ni, ta tambayi inda ledarta take.

Da shekara ta zagayo Baba ya kira gayya, aka zo. Sai dai magana ta riga ta zauna a ƙauye: Alhaji ba ya son wake mai laushi. Duk gidan da aka yi suna ko biki aka dafa wake, sai a kwashe nasa tun kafin ya nuna, a aiko da shi daban cikin kwano mai murfi, don girmamawa. Na sha cewa zan je in faɗi gaskiya. Ya ce in na kuskura, ni da shi ne.

Shekarar da zai rasu, haƙoransa na gaba kaɗai suka rage. Na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa, na tarar Gwaggo ta aiko masa da kwanonsa. Ina zaune ina kallo ya riƙa ɗaukar waken ɗaya-ɗaya yana murƙushe shi da babban yatsa a gefen kwanon kafin ya kai baki. Ya daɗe yana yi. Da ya gama ya rufe kwanon ya miƙo mini.

"Kai mata," ya ce. "Ka ce an gode, ya yi daidai yadda ni ke so."