Gonar da Na Zaɓa wa Dokta Hadiza

Ba na mantawa da ranar Talatar da Dokta Hadiza, mai binciken tsutsar gero, ta zo mana garin Waca, cikin watan takwas, gero ya fid da kai. Lokacin ni ne malamin gona na kwamin, wato ƙaramar hukuma.

Ga yadda aikin yake. Da farko malamin gona ya zaɓi gonar da tsutsa ta fi ci. Sannan mai bincike ya ƙirga zangarniya ɗari, ya ga nawa suka kamu. Da wannan lissafin ake ba gari buhunan ƙananan ƙwari masu kashe tsutsar, a rataya su a itace.

A rapor, wato takardar rahoto, na rubuta gonar Malam Idi, tafiyar awa guda cikin rairayi, inda mota ba ta shiga. Amma da Dokta ta sauko daga mota, na gan ta doguwa, kyakkyawa, ga lalle a hannu, sai shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, ya raɗa mini: "Wannan ta hoto ce, kada ka wahalar da ita." Ni ma haka na gani. Na kai ta wata gona a bakin hanya.

Ta ƙirga, ta rubuta a kaye, wato littafin rubutunta, ta dube ni, ta kira sunana da laƙabin Faransanci.

"Mushe Sani, a rapor ka ce rabin gero ya tafi. Nan bakwai na samu. Ko tsutsar ta ji zuwana ta gudu?"

Na ce, "Madam, waccan gonar da nisa."

"Nisa gare ni ko gare ka? In na sa bakwai, garin ba zai samu buhu ba."

Muka hau amalanke. Malam Idi ya gan ta, ya ce, "Malam, amarya ka kawo mini?"

Ta ce, "Baba, sadakina zangarniya ɗari."

Ta shiga gona, ƙaiƙayi har wuya. Hamsin da biyu ta samu. Kafin mako buhuna suka iso, kuma Malam Idi ya ɗaure dammuna a shekarar.

Kafin ita wani dokta mai furfura ya zo, ko daga mota bai sauka ba, kuma babu wanda ya yi shakkar iliminsa. Saboda haka nake gaya muku, ku sababbin malaman gona: gonar da kuka rubuta, can za ku kai baƙo, kowace irin fuska ya zo da ita.