Malama Rabi da littafin tambayoyina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ba ragon suna dusa aka bugo mini waya, wai Malama Rabi ta rasu.

Jibi ne sunan jikata. Kwana biyar ke nan bakina bai rufu ba don murna, yau kuma ga wannan.

Ga wanda bai san ta ba, ita ta koya mini boko da furfurata. Mu bakwai ne dattawa, bayan la'asar, a firamaren garinmu ta wajen Bagwai, muna takure a bencin jikokinmu. Baba Me-ya-sa take kirana, don yawan tambayata.

Shekarun baya likita ya ce 'yata Saude tana da ciwon daji a mama, sai an cire. A wajenmu kuwa kowa ya tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa shi fusata yake ya bazu. Ni da mijinta muka ce ba za a yi aikin ba. Muka koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Har kwanonta aka ware, kada wani ya ɗauka.

Wata rana da aka tashi daga aji na miƙa wa Malama takardar asibitin. Kunya ta sa na ce ciwon ƙirji ne.

Ta karanta, ta ɗago kai. "Baba, ƙirji ko nono? Allah ne ya halicce shi, ba zagi ba ne."

Na sunkuyar da kai, na gaya mata maganar ƙarfe.

"Shekara nawa ina tsaye gaban allonku?"

Na ce uku.

"To, da guda ɗaya nake tsaye. Ƙarfe ya taɓa ni, ga ni nan ina fama da taurin kanku."

Wallahi babu wanda ya sani a cikinmu.

Na dinga jero mata tambayoyi. Ta ce ita ba likita ba ce. Ta ciro sabon littafin rubutu a jakarta, ta ce aikin gidana ke nan: duk abin da ke damuna in rubuta, in kai wa likita, in rubuto amsa.

Ana ɗauka a kwano? Wuƙa tana watsa shi? Me ya sa gashi ke zuba? Kwana biyu na yi a kan shafi ɗaya. Likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi mini dariya ba. Na dawo na karanta wa Saude da mijinta. Ita da bakinta ta ce a yi.

Ranar aka mayar da kwanonta cikin na kowa.

Malama ce ta raka ta ranar aiki. Ita ta haɗa ta da wasu mata masu irin ciwon, suna da guruf a waya, suna kwantar wa juna hankali. Da gashi ya zube, ta kawo mata ɗankwali ja ta ce, "Ɗaura, mara lafiya ma tana kwalliya."

Shekaranjiya na je yi wa Malama albishir. Ciwonta ya dawo tun bara, ta rame sosai. Na ce Saude ta sauka, mace.

Ta yi ta hamdala, sannan ta kalli aljihuna. "Fito da shi, na san akwai tambaya."

Na karanta: guda ɗaya zai ƙosar da jaririya?

Ta yi dariya har da tari. "Baba Me-ya-sa, ka tambayi ungozoma. Amma in jaririyar ta gado ka, ko biyu ba za su ishe ta ba."

Ta ce wane suna aka yi mata huɗuba da shi. Na ce sai ranar suna, don ina so ta ji daga bakin maroƙi.

Rabi ne sunan. Ban faɗa mata ba.

Tun safe nake juya littafin nan. Shafi nawa na cika, amma ban taɓa tambayarta ba: ita, ranar da aka gaya mata nata, wa ya zauna ya saurare ta?

Allah Ya jiƙan Malama, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ya haɗa da takwararta.