Kawu Arzika da Sandar Gwalkwas

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san ba ya gudu sai an aike shi. Ruwan sama ya same shi a kasuwar Achida, kowa na rugawa, shi ko yana taku ɗaya-ɗaya, rawani na ɗiga. Ka ce, "Kawu, ka ɗaga ƙafa mana!" Sai ya ce, "Wa ya aike ni?"

Amma fa ka sa mai takarda a hannu! Masinjan Di'o ne zamanin Turawa. An ce ya taɓa kai wasiƙa Rabah daga Wurno ya dawo bai tarar da shayin Bature ya huce ba. Ƙarya ce mana, amma Kawu bai taɓa musawa ba.

Da Di'o ya ga abin ya yi yawa, sai ya tura shi Ikko gasar gudu. Anka jera su, anka harba bindiga, kowa ya zabura. Kawu na tsaye.

"Arzika, mi kake jira?" in ji mai horad da su.

"Gudun mi? Ba saƙo, ba kare biye da ni? Ni da hankalina!"

Dole anka riƙa damƙa mai guntuwar takarda, a ce ta wancan mai farar hula ce a ƙarshen fili. Wallahi daga ranar ba a sake ganin gabanshi ba, sai ƙeya. Takalmin gudu mai ƙusoshi da sunka ba shi kuwa, ratayawa ya yi a wuya. Daga baya da shi yake sassabe fadamar albasa a Goronyo.

Har ƙasar Gwalkwas anka kai shi, gudun mutum huɗu, kowa ya miƙa wa na gaba 'yar sanda. Kawu ne na ukku. Ya karɓa, ya bar kowa baya, ya iso ga na huɗu, yaro ya miƙo hannu. Ina! Kawu ya soke sanda a hammata ya wuce. Yaro na biye yana kuka, "Ba ni! Ba ni!"

"Ɗan wa kake? Na san ubanka?"

Shi ya fara isowa, anka ce sun faɗi. Ya ce, "Ni masinja, a ba ni amana in miƙa wa wanda ban sani ba a tsakiyar hanya? Allah shi kiyaye!" Nan gudunshi ya ƙare, anka sako shi jirgin ruwa da sandarshi. Shekara talatin tana soke a rufin ɗakinshi, mu 'ya'yan ƙannenshi muna ta yi mai tsiya.

Ranar da ciwo ya ci ƙarfinshi, ya sa anka zaro ta. Ya dube ni, ya daɗe, ya sa mini ita a hannu.

"Kai dai na san ubanka," ya ce.

Wallahi ban iya dariya ba. Allah ka ga bawanka bai taɓa yad da saƙo ba. Ka karɓe shi hannu da hannu, ka hutar da ƙafafun nan.