An Ƙirga Mu Ba a Tambaye Mu Ba

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zaɓen ɗan majalisar jiha na waccan shekarar zai fita daga raina.

Mazaɓarmu rafi ne ya raba ta biyu. Gefen da aka auro ni shi ne gari, mai kasuwa da kwalta da asibiti. Ƙetare kuwa, inda aka haife ni, ƙananan ƙauyuka ne a jere cikin gonakin gero da gyaɗa, da 'yan rugage a gefe. Tun da na yi wayo, duk wanda ya tafi majalisa daga mazaɓar nan ɗan gari ne. Jam'iyya takan canza, hula takan canza, amma mutumin dai na gari ne. 'Yan ƙetare aikinsu dangwala yatsa, sai kuma wani zaɓen.

Abin da mazan gari ba su taɓa sawa a ransu ba shi ne, da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka tarar da 'yar ƙetare ba. Can suke zuwa neman aure, wai mun fi haƙuri da iya tuwo. Kuma a haihuwar fari gidan iyaye mace take komawa goyon ciki, saboda haka kowaccenmu ta san halin rafin nan da damina. Ni a kan ƙyauren ɗaki aka ƙetaro da ni zuwa asibiti ina naƙuda, ruwa har ƙirjin masu ɗauke da ni. Na tsira, amma ba dukkanmu muka tsira ba.

A shekarar sai wani ɗan ƙetare ya fito takara, tsohon malamin firamare, a wata jam'iyyar da ko ofishin kirki ba ta da shi. Mutanen gari suka mai da shi abin dariya. Wata rana da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji wani Alhaji, jagoran ɗan takarar gari, ya yi sallama da maigidana a zaure. Haka suke yi, gida-gida, ba sa neman kowa sai maigida.

"Malam, mu sa gidanka a namu?" in ji Alhajin.

"Haba Alhaji, har sai ka tambaya? Ni da iyalina da matan 'ya'yana duk naku ne. Ka ɗauka an gama."

Na tsaya da rariya a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai. Maigidana mutumin kirki ne, Allah ya sani, bai taɓa rage ni da komai ba. Amma ranar ya ba da ni kamar yadda yake ba da aron fartanya.

Bayan 'yan kwanaki aka yi suna a maƙwabta. Muna zaune a tabarma ana hira, sai wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu, wadda duk muke ce wa Gwaggo, ta ce, "Na ji an rabar da ku a zaure." Aka kwashe da dariya. Ta ce, "Ni ba wasa nake ba. Wace ce a nan ba ta ƙetare rafin nan da ciki ba?" Sai wata amarya ta ce, "Gwaggo, to in mazan suka gane fa?" Ta harare ta ta ce, "Tare za ku shiga wurin dangwalawar? Daga ke sai Allahnki." Ba wanda ya tara mu, ba wanda ya ba mu atamfa ko sabulu. Daga gidan suna zuwa gidan biki, daga can zuwa wurin niƙa, maganar zaɓen ɗan ƙetare ta zaga matan gari.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ba faɗan maigidana nake tsoro ba, kunyar da zai sha a gaban waɗanda ya yi wa alkawari ce take damuna.

Ranar zaɓe layin mata ya yi tsawo har ya zagaye katangar firamare. Mazan gari sai murna suke, har da aiko mana ruwan leda, su a dole kasuwarsu ce ta yi kyau. Da la'asar aka juye akwatin unguwarmu ana ƙirgawa a gaban kowa, sai ga ƙuri'un malamin suna ta taruwa, a nan tsakiyar gari. Washegari aka faɗa a rediyo cewa shi ya ci. Na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi.

Ina share ido maigidana ya shigo, ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Alhaji ya ce in zo in binciki gidana. Wa kika zaɓa?"

Na ce, "Ɗan ƙetare, Malam."

"Matan yaran nan fa?"

"Sai ka tambaye su."

Ya ce, "Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Na ce, "Ba ka tambaye ni ba."

Na zaci zai tashi a fusace. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, ban tambaya ba." Ya mai da hularsa ya fita. Ina jiyo shi a ƙofar gida yana ce wa Alhaji, "Kada ka ga laifin kowa. Ni na yi maka alkawari da abin da ba nawa ba." Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Malamin bai zama waliyyi ba, wasu alkawuran ya cika, wasu har yau muna jira. Amma tun daga nan kujerar ta daina zama gadon gari, yau tana nan gobe tana can, kuma duk mai nemanta sai ya aiko mata sun shigo har tsakar gida sun gaishe mu. Abin da na koya shi ne, wanda ba a tambaya ba shi ma yana da abin faɗa. Ko a ɗaki ɗaya kuke kwana da mutum, ka ji ta bakinsa kafin ka amsa da sunansa.